Igiyar Kabtin a Sahun Gaisuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kabtin ya tafi, kuma ni zan faɗi ko wane ne shi, tunda waɗanda suka fi ni karatu sun yi gum, waɗanda suka fi ni shekaru kuma sun zaɓi su yi masa kwaskwarima.

Ranar da labarin ya shigo unguwarmu ta Nuzla, a nan Jidda, kowa da yadda ya karɓe shi. Mai shagon ful, wato dafaffen waken Larabawa, na bakin layinmu ya sauke ƙofar shagonsa rabi, ya zauna a kan buhun wake yana cewa, "To yanzu wa zai riƙa zagina a kan gishiri?" Golanmu, ƙato guda wanda ya taɓa karya yatsa bai ko ce wash ba, ya kifa kai a sitiyarin motar kafilinsa, wato ubangidan da yake wa aiki, yana rusa kuka, har mai gadin gidan ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. Tsohuwar da ke sayar da gyaɗa da yaji a ƙofar masallaci ta ce, "Allah ya ji ƙansa. Amma ya fasa mini faranti da ƙwallo tun ina da haƙora, kuma har ya koma ga Allah yana cewa farantin ne ya shigo masa fili." Mahaifiyata kuwa ta buɗe akwati. Ta ciro farar jallabiyata, ta goge ta, ta shimfiɗa mini a kan gado.

Shi kuwa yayan Kabtin, wanda duk unguwa ke kira Baba Babba, bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya yi abin da ya saba, ya hau ba da oda.

Ga wanda bai san zaman makokinmu na Jidda ba, ga yadda yake. Ana tare layi da kujeru, a rataya fitilu, kwana uku, daga magariba zuwa isha'i. Mazan gidan mamaci su tsaya a jere, sahu guda. Masu gaisuwa su bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ka dafa kafaɗarsa ka yi masa addu'a. Ba a tsallake kowa, ko da yaro ne, ko da kuna gaba da shi. Kuma kada wanda ya ruɗe ka, mutane suna kallon tsawon sahun nan. Ba sa faɗa, amma suna kallo. Da shi suke gane ko mutum ya bar baya.

Kabtin 'ya mace ɗaya ya bari. Saboda haka sahunsa mutum uku ne: Baba Babba, da ɗan Baba Babba, da mijin 'yar. Ko katangar firikik ba su cika ba.

Mu kuwa 'yan bayan da suka bi ta hannunsa mun cika layin, tsofaffi da sababbi. Babbanmu, wanda muke kira Babban Yaya, yana cikin 'yan bayan tsakiya na farko da Kabtin ya horar. Yanzu tankar ruwa yake ja, yana da sanƙo da tumbi. Shi muka tura. Ya je ya rusuna.

"Baba, mun zo mu tsaya."

"Ga kujeru nan, ku zauna."

"A sahu nake nufi, Baba."

"Sahu na jini ne, ya waladi. Kai ɗan wa ne a gidan nan?"

"Mu yaransa ne."

"Yaran me?" Baba Babba ya nemi kalmar ya rasa, don bakinsa ba ya iya furta ta. "Yaran wancan abin? Ku ɗauki butocin gahawa ku zagaya, ladan ɗaya ne. Kuma ban yarda in ji an ambaci wasa a wurin nan ba. Halas."

Haka muka koma masu raba gahawa a makokin mutumin da ya raine mu. Ina riƙe da buta na ji wani baƙo daga Ruwais yana tambaya, "Marigayin me yake yi ne?"

Baba Babba ya ce, "A kulliya yake aiki."

"Masha Allah! Ustazu ne ke nan?"

"Yana dai koyarwa."

Na ce, ina kiransa baffa da Larabci, "Ƙwarai kuwa, ya Ammi. Ni ma ɗalibinsa ne. A wurinsa na sauke yadda ake taka ƙafar mutum alƙali bai gani ba."

Kallon da Baba Babba ya yi mini, da a fili ne jan kati ne kai tsaye.

Ba zan zalunce shi ba. Mahaifinsu da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Hausa, ya zauna, kuma burinsa ɗaya ne: 'ya'yansa su zama malamai a ƙasar da ya sha wahala kafin ya taka. Baba Babba ya cika masa burin. Ƙaramin kuwa ta taga yake ficewa daga karatu in ya ji ƙarar ƙwallo. Tsohon ya rasu yana ƙorafi, kuma Baba Babba bai taɓa yafe wa ƙwallo ba. Na gane. Amma ganewa daban, yarda daban. To tunda an hana mu faɗa a can, zan faɗa a nan.

Kabtin kocin 'yan baya ne. Ba kocin ƙungiya ba, kocin 'yan baya kaɗai, kuma in ka kira shi mataimakin koci sai ya tambaye ka wa ya gaya maka yana taimakon wani. Ya buga wa unguwa a baya har gwiwarsa ta tashi aiki. Daga nan wata kulliya ta wajen Ruwais ta ɗauke shi. A iƙamarsa, wato takardar zamansa, an rubuta mai kula da fili, don a Jidda aka haife shi amma takarda ba ta san da haka ba. Ya ce su rubuta mai wankin bayi ma in suna so, su dai ba shi mutum huɗu da yamma. Daga can ya koma wata kulliya a Aziziyya, daga nan wata ta koyon sana'a, inda na same shi. Uku ke nan, kuma duka ukun korarsa aka yi. Yana faɗin haka kamar mai lissafa kofuna.

Ni shekara ɗaya na yi a kulliyar, wai ina koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Har yau in ka ba ni ita zan mayar maka da ita tana hura zafi. Abin da na fito da shi kawai shi ne igiya.

Igiyar Kabtin doguwa ce, irin ta jirgin ruwa, wani abokinsa ya samo masa a tashar jirage. Ta yi baƙi saboda gumin mutane. Da ita yake ɗaure 'yan bayansa huɗu a ƙugu, a jere, da 'yar tazara tsakani, ya sake su a fili. In ɗaya ya matsa, dole sauran su matsa. In ɗaya ya yi nawa, duk su kife. Abin da yake nema shi ne tarkon satar gida: ɗan tsakiya ya yi ihu, "Fita!", layin gaba ɗaya ya tako gaba lokaci guda, a bar ɗan gaban abokan hamayya a baya shi kaɗai kamar wanda bas ta tafi ta bari, mai tuta ya ɗaga. Amma in mutum ɗaya ya makara, ya lalata komai.

Mutum ɗayan nan kullum ni ne. Shi ya sa ya raɗa mini Wutsiya.

"Wutsiya! Kana jiran biza ne? Matso gaba, ka ɓata mini layi!"

"Kabtin, igiyar ce ta yi gajarta."

"Igiyar ta girmi ubanka a wannan sana'a. Matso!"

Na sha ƙasa a kan igiyar nan har na san ɗanɗanon kowane fili a kudancin Jidda. Na Nuzla gishiri-gishiri, na Aziziyya akwai ƙamshin taya.

Mutumin nan ba ya son a ci ƙwallo, ko da mu muka ci. In 'yan gabanmu suka zura, kowa na tsalle, shi sai ya juya wa ragar baya ya hau mu da faɗa: "Me kuke wa dariya? Ku kuka ci? Ku koma wurinku!" Wasan da ya fi so a duniya shi ne wanda aka tashi babu ci. Ranar da aka yi haka har lemo yake saya mana, ya zauna yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Yana cewa 'yan gaba 'yan biki ne, su zo su ci su tafi, mu ne masu gida. Yana cewa ɗan baya ɗaya ba ɗan baya ba ne, ɗan kallo ne da ya sa riga. In ka yi tsalle ka cire ƙwallo da ƙafa sama, jama'a na tafi, sai ya ce, "Da ka tsaya inda na ce, da ba ka buƙaci wasan biri ba."

Kuma bai yarda ya taɓa yin kuskure ba. Korarsa daga Aziziyya, Babban Yaya yana cikin layin ranar, shi ya ba mu labari. Wasan ƙarshe ne na kofin kwalejoji. Aka ce "Fita!", layi ya fita tsaf kamar an ja da rula, ɗan gaban can ya rage a baya, amma tuta ba ta tashi ba. Mai tutar yana gyara takalmi. Aka ci. Aka sake, mai tuta yana hira da 'yan kallo. Aka ci na biyu. Babban kocin, wani baƙo mai usur da agogo biyu, ya zo yana roƙo:

"Ya Kabtin, ka ce su ja baya! Mutumin nan ba ya kallo!"

"Layina daidai yake."

"Na sani daidai yake, amma ana cin mu!"

"To a gyara mai tuta. Ni ba zan karkata layi don wani ya karkace ba."

Aka ci na uku. Da aka tashi Kabtin ya bi mai tutar da gwiwa ɗaya har wurin ajiye motoci, igiya a kafaɗa, yana cewa ya tsaya ya ɗaure shi da layin ko zai koyi kallo. Washegari aka sallame shi. In ka tambaye ni, babban kocin ya fi shi gaskiya ranar. In ka tambayi Kabtin, har ranar da ya faɗi a bakin filin unguwa bayan la'asar, ana tsakiyar atisaye, cewa yake ba a taɓa cin sa a wasan nan ba, an dai yi masa fashi sau uku.

Yana da rowar yabo. Yana da baƙar magana. Ya taɓa hana ni buga wasa saboda na yi aski mai zane, wai ɗan baya ba ya son a gane shi. Ba waliyyi nake ba ku labari ba.

Amma ga abin da ya sa na ƙi haƙura da butar gahawa.

Mahaifina umra ya zo ya zauna. Ba shi da kowa a ƙasar nan, ba wa, ba ƙane, ba ɗan kawu. Dako ya yi har bayansa ya ƙi. Da ya rasu, na riga na bar kulliya, na daina zuwa atisaye, ina ma ɓuya in na hango Kabtin don kada ya tambaye ni. Maƙwabta suka jera mana kujeru, aka rataya fitila. Magariba ta yi, aka ce masu gida su tsaya. Na tsaya. Na duba dama, na duba hagu. Ni kaɗai ne sahun. Wallahi ban taɓa sanin layinmu yana da faɗi haka ba. Mutane suna zuwa su dafa ni su wuce, gaisuwar ta ƙare tun kafin ta fara, kowa yana sunkuyar da kai don kada mu haɗa ido.

Sai na ji ɗingishin nan da na sani. Kabtin ne, da farar jallabiya, bayansa Babban Yaya da golanmu da duk 'yan bayan da ya iya tattarowa. Bai gaishe ni ba. Bai nemi izinin kowa ba. Ya zo ya tsaya a damana, kafaɗa da kafaɗa, sauran suka jeru har bakin shagon ful. Wani dattijo ya tambaye shi, "Kai ɗan'uwan marigayin ne?"

Ya ce, "Layinmu ɗaya."

Sannan ya karkato, bai ko kalle ni ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Wutsiya, ɗaga kanka. Kuma matso gaba, ka ɓata mini layi."

Kwana ukun nan duk ya zo ya tsaya, da gwiwar da ba ta son tsayuwa. Ranar ba wanda ya tambaye shi jini. Ba ni kaɗai ya yi wa haka ba, rabinmu 'ya'yan mutanen da ba su da kowa ne. Ka tambayi Nuzla sau nawa aka ga gurgun nan a sahun da ba nasa ba.

Shi ne yau za a ce sahunsa mutum uku?

Rana ta biyu muka sake raba gahawa, muka sauke tirukan shinkafa, muka haɗiye takaicinmu. Rana ta uku da la'asar 'yar Kabtin ta kira ni ta ƙofar baya, wajen mata. Tun ina zuwa gidan karɓar ruwan sanyi na atisaye nake kiranta Yaya. Idonta ya kumbura, amma bakin na ubanta ne.

"Kai Wutsiya, kwana biyu ina leƙenku ta taga. Gahawa ya koya muku?"

"Yaya, Baba Babba ne ya hana."

"Baffana ya hana, na ji. Shi Abba da kuka sani, izini yake nema?"

Daga cikin ɗaki na ji muryar Umma, matar Kabtin, wadda ke takaba ba ta fitowa. "Ba shi kawai, ki daina dogon zance."

Yaya ta miƙo mini wata jakar shinkafa. Tun kafin in buɗe na ji warin. Igiyar ce.

Umma ta ce daga ciki, "Ku gaya wa babbanku, ban ce a yi rashin kunya ba. Yayan mijina ne, kada wanda ya ɗaga masa murya. Amma mijina ba juya ba ne, kada a sallami mutane yau suna zaton bai bar kowa ba."

Bayan sallar magariba mutum ukun suka tsaya a wurinsu. Mu kuma muka ajiye butoci. Ba mu ɗaura igiyar a ƙugu ba, wurin makoki ne, muna da hankali ko da ba a zato. Muka jeru a jikin bango, a gefen hagunsu, ɗan baya da su kaɗan, kamar masu jiran a aike su. Igiyar tana bayanmu, kowa ya kama da hannu ɗaya ta baya, ba mai gani daga gaba. Akwai direbobi, akwai masu gyaran waya, akwai mai aski, akwai wani da ya zo daga Makka da kayan aikinsa a jiki. Masu furfura a kusa da gida, mu ƙanana a can ƙarshe. Ni ne na ƙarshen ƙarshe, ba sai an faɗa ba.

Masu gaisuwa suka taso daga masallaci. Na ji igiyar ta yi tauri a hannuna. Babban Yaya bai yi ihu ba, ya faɗa ne kamar mai yin tari.

"Fita."

Ban taɓa ganin layi ya fita haka ba. Mutane masu tumbi, masu ciwon baya, waɗanda rabonsu da fili tun kafin a haife ni, suka tako gaba kamar ƙafa ɗaya gare su. Kafaɗar Babban Yaya ta haɗu da ta mijin 'yar Kabtin. Sahun mutum uku ya miƙe har ya wuce fitilar ƙarshe.

Baba Babba ya juyo.  Ya buɗe baki, amma mai gaisuwa na farko ya riga ya iso, ya dafa kafaɗarsa. Wani tsoho ne da sanda, ban san shi ba. Ya yi wa Baba Babba addu'a, ya yi wa ɗansa, ya yi wa surukin. Ya iso kan Babban Yaya ya tsaya, ya dubi tsawon layin. 

Babban Yaya ya gaya mana daga baya cewa shi ya gane shi nan take. Mai tutar Aziziyya ne.

Tsohon ya ce, "Duk waɗannan nasa ne?"

Babban Yaya ya ce, "Nasa ne. Yau dai ka duba da kyau."

Tsohon ya ɗaga hannu ya dafa shi. Ya wuce na gaba, ya wuce na gaba. Kuma na gaya muku, ba a tsallake kowa. Wanda ke bayansa ya biyo, na bayan wannan ma ya biyo. Baƙon nan na Ruwais da ya iso kaina ya ce, "Ashe ustazun yana da 'ya'ya haka?" Na ce, "Wasu ma suna kan hanya, ya Ammi."

Baba Babba bai kore mu ba, don ba a korar mutum daga sahu a gaban masu gaisuwa, shi ya fi kowa sanin wannan. Bai kuma yi mana maraba ba. Har yau bai furta kalmar ƙwallo ba, kuma ban sa rai. Ya tsaya ƙiƙam yana amsa addu'a, idonsa a gaba.

Sai can da mutane suka ɗan tsagaita, na ga ya leƙo da kansa, ya bi layin da ido tun daga kusa da shi har ƙarshe, irin kallon da liman ke yi kafin ya tayar da salla. Mutum ne da ya shekara yana daidaita sahu a masallaci, idonsa ba ya iya ganin karkata ya yi shiru. Ya tsaya a kaina. Ya ɗaga murya, kuma wallahi muryar gidansu ɗaya ce.

"Kai na ƙarshen can! In tsayuwar za ka yi, ka yi ta da kyau. Matso gaba, ka ɓata sahu."

Golanmu ya fashe da wani abu da ba kuka ba, ba dariya ba. Igiyar ta girgiza tun daga wancan ƙarshen har hannuna.

Na matso.

Allah ya ji ƙan Kabtin, ya yafe masa zagin da ya yi wa masu tuta da wanda ya yi mana, ya haskaka kabarinsa, ya ba Umma da Yaya da Baba Babba haƙuri. Igiyar tana wurin Babban Yaya, a bayan kujerar tankarsa. Duk ɗan Nuzla da aka yi wa rasuwa ya duba dama da hagu bai ga kowa ba, kada ya aiko, kada ya roƙa. Ya dai tsaya a wurinsa ya ɗaga kai. Za mu fito.